Ranar da Barira ta Kife Littafin Mushe

Ban taɓa mantawa da ranar da na shiga biro, wato ofishin direkta, ba tare da kowa ya kira ni ba. Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina tuƙa tuwo a kantin na kolej nan Tasawa, kuma in ban da rannan ƙafata ba ta taɓa ƙetare ƙofar nan ba. Kun ce in rubuta muku abu guda daga cikin aikin, ku da kuka karɓi muciya bayanmu. To ga shi. Rubutuna na yaƙi da jahilci ne, sai da furfura ta fito na koye shi, wanda ya ga karkace ya miƙe da kanshi.

Abin ya faru cikin fari na biyu, zamanin soja. Fari na farko shi ne wanda sojoji suka karɓi mulki a ƙarshenshi, na biyu ya zo bayan kamar shekara goma. Lokacin kowane ma'aikaci a tsorace yake. Ana iya faɗo maka ba sanarwa, a duba wa ya zo aiki, wa ya makara. Takarda in ta fita daga biro ta hau sama, ba mai iya maido ta.

Ga yadda gidan yake, don waɗanda ba su sani ba. Direkta ne babba. Sai sirbeyan, shi ke riƙe da ladabin yara, shi ke da usur da bulala. Sai ekonom, mai mabuɗin magaza, ɗakin ajiyar abinci, shi ke auna mamu hatsi da mai kowace safiya, shi ne maigidanmu mu masu dahuwa. Sai mushe-mushe masu koyarwa. Can ƙasa kuma mu ne da mai gadi. Kantin an yi shi ne don ɗiyan ƙauye da suka ci jarrabawa aka kawo su gari alhali ba su da kowa a nan. Shekarar nan abin da muke tuƙawa jar dawa ce ta taimako, mai taurin tsiya, wadda sai ta kwana cikin ruwa kafin turmi ya iya da ita. Mu biyu ne bisa tukunya, ni da Habsu, Allah ya jiƙan ta.

Barira ɗiyar wani ƙauye ce gaba da Attantane. Tana ajin ƙarshe, shekarar da ake yin birbe, jarrabawar fita daga kolej. 'Yan mata daga ƙauye ba su da yawa lokacin, waɗanda suka kai ajin ƙarshe kuwa hannu guda ya ishe ka ƙidaya su. Doguwa ce, siririya, ba ta da yawan dariya amma bakinta akwai kaifi. Tsakanin tashin rana da komawa kilas da la'asar, inda sauran ke kwanciya, ita sai ta zo bayan madafa ta zauna gindin itacen bedi da kaye ɗinta, littafin da take rubutu ciki. Wai nan ne ba surutu. Da ni da Habsu a wurin, wai ba surutu.

Tun da ta dawo hutu na lura da abu guda. In mun kankare tukunya, takan roƙi ƙanzo, ta shanya bisa kwano, ta ƙulle a tsumma. Ranar kasuwa sai ta kai ma wani mai amalanke ɗan garinsu. Ban tambaye ta ba. Na dai daina kankare tukunya da kyau, Habsu ma ta daina, kuma ba mu taɓa yin zancen tsakaninmu ba.

Shekarar aka kawo sabon mushe na Faransanci, saurayi ne daga can yamma bakin kogi, inda ba Hausa ake yi ba, Hausarshi ba ta wuce ta gaisuwa da cefane ba. Mutumin kirki ne, kada wani ya ji labarin nan ya ce na zage shi. Yana son aikinshi har ya yi yawa. Shi ya raba ma ajin su Barira wani tsohon littafi mai kauri, irin wanda ake cewa duk ɗan lakol, wato ɗan boko, sai ya bi ta kanshi. Littafi guda mutum uku, kowa da ranarshi.

Ranar farko da Barira ta zo da shi ta yi ta juya shafi tana tsaki.

Na ce, "Ke lafiya? Kunama ce a ciki?"

Ta ce, "Inna Tsahara, mutum ne ya taso daga gona zai gida. Tun jiya yake tafe. An faɗa mini launin hanya, an faɗa mini itacen bakin hanya, an faɗa mini tsuntsun da ke bisa itacen. Har yanzu bai iso ba."

Habsu ta ce, "Gurgu ne?"

"Lafiyarshi lau. Mai rubutun ne ba ya da aikin yi."

Daga nan ta fara juya mamu shi da Hausa, muna gyaran kuka ko tankaɗe tana ba mu. Labarin wani manomi ne a ƙasar sanyi, da matarshi da ɗiyansu. Sunayen ba su kama bakinmu ba, sai ta raɗa musu namu. Manomin ya zama Maigida. Mai kuɗin garin, wanda ke da injin niƙa, ta sa mishi Alhaji. In ta ce "Alhaji ya fito daga coci" sai Habsu ta aje rariya ta yi ta dariya har da tari.

Bayan sati biyu tsaki ya ƙare. Ranar da ba ita ke da littafin ba sai ta zo tana zumɓure-zumɓure kamar an hana ta abinci. Ta ɗauki gaba da babban ɗan Maigida, don yana maida ma ubanshi magana. Ta ce, "Da a garinmu ne da tuni kawunnanshi sun taru a kanshi." Matar Maigida kuwa ta shiga ranta. Takan ce, "Wagga mata ba ta da baki, amma komi na gidan a kanta yake." Wata rana ta zo ta ce sanyi ya kashe musu amfanin gona shekara biyu a jere, yunwa ta shiga garin.

Habsu ta ce, "Nan kam ƙarya ta fara. Nasara da yunwa? Su da ke aiko mamu dawar nan da ke karya mamu taɓarya?"

Barira ta ce, "Na da ne, Inna Habsu. Kakannin kakanninsu. Har dokinsu sun saida."

"To Allah ya ƙara. Su ma su ɗanɗana."

Na ce mata ta rufe baki, yunwa ba a yi ma kowa fatanta. Amma gaskiya ni ma abin ya ɗaure mini kai. Ban taɓa kawo ma raina cewa akwai inda sanyi ke yin aikin fari ba.

Sai wata Talata ta zo ta zauna, ta buɗe littafin, amma ba ta juya mamu ko layi guda ba. Habsu ta ce, "Yau ba Alhaji?" Ta ce, "Faransancin wurin nan ya yi mini wuya." Barira da ke gaba da kowa a ajinsu. Ta rufe, ta tashi. Daga baya na ji abin da ke wurin: Maigida ne ya kwance buhun iri, wanda ya ɓoye don shuka, ya miƙa ma matarshi ta dafa.

Ranar Alhamis da hantsi abin ya faru. Ban gani da idona ba, wata 'yar ajinsu ce ta zo ɗibar ruwa ta ba mu. Mushe ya sa Barira ta karanta wurin nan da ƙarfi, don ita ta fi iya karatu. Ta karanta har ƙarshe. Mushe ya ji daɗi. Sai ya ce ma aji wanga littafi ba na matattu ba ne, abin da ke cikinshi yana faruwa yau. Ya juya ya ce, "Barira, ke daga ƙauye kike. Faɗa mamu, bana mi ya rage a rumbun gidanku? Kun taɓa kaiwa inda mutanen nan suka kai?"

Ta yi tsaye. Ya sake tambaya. Ɗiyan ƙauye duk suka sunkuyar da kai. Da ya tambaya na uku, ta tako har gaban teburinshi, ta kife littafin bisa, ta fice. Ya kira ta ba ta waiwayo ba.

Shi kuma a ganinshi an wulaƙanta shi gaban yara, ga shi sabo. Ya rubuta takarda: ƙin bin umurni, rainin malami, fita kilas ba izini. Tambayar da ya yi bai sa ta ciki ba, don shi bai ɗauke ta komi ba. Direkta ya sa ranar konsai. Konsai zama ne da ake yi a kan laifin ɗan lakol: direkta, sirbeyan da mushe biyu ko uku, a kira yaro a tambaye shi, a kira uwayenshi in suna kusa. Hukunci uku ne, gargaɗi, ko korar kwana uku, ko kora gaba ɗaya. A zamanin nan abin da aka kira rainin na gaba, na ukun yake jawowa, don ba direktan da ke son a ce gidanshi ba ladabi. Kuma wanda aka kora a shekarar birbe, karatu ya ƙare ke nan. An aika takarda ƙauyensu, ba wanda ya zo.

Alhamis ɗin nan da rana Barira ta zo bayan madafa. Na zuba mata tuwo, ba ta taɓa ba.

Na ce, "In sun tambaye ki, ki faɗa musu abin da ya tambaye ki."

Ta ce, "In na faɗi, sai su ce to mi ya hana ki amsa. In ce mi?"

"Sai ki bari a kore ki?"

"A kore ni, Inna."

Na yi ta faɗa, na ce mata taurin kai, na ce shekara huɗu kina cin tuwona don ki koma ki ɗauki tulu. Amma na san gaskiyarta. Ku yaran yanzu da kuka tashi a gari ku ji: rumbu asirin maigida ne. Matarshi ma ba ta leƙa shi, balle ɗiya ta tsaya gaban mutum arba'in, cikinsu har da 'yan garuruwan kusa da nasu, ta faɗi abin da ke ciki. In ta ce akwai, ta yi ƙarya. In ta ce babu, ta tuɓe ubanta a kasuwa.

Ranar konsai, Asabar da safe, na ɗora tukunya na kasa zama. Na ce ma Habsu ta duba mini wuta. Ta ce, "Ina za ki?" Na ce, "Biro." Ta ce, "Tsahara, tuwon ɗiyanki kike wasa da shi." Lokacin mijina ya rasu, ɗiya huɗu ke kaina, kuma irinmu ba a buƙatar konsai kafin a sallame mu, ekonom ya ce gobe kada ki zo, shi ke nan. Na wanke hannu na tafi.

Daga ƙofa na ji direkta yana tambayarta dalili, tana cewa "Ba komi, mushe." Na yi sallama na shiga. Maza biyar zaune, ita tsaye jikin bango.

Sirbeyan ya ce, "Ke, Tsahara, mi ya kawo ki? Nan ba madafa ba ce."

Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe, madafa ta fi nan iska. Tambaya guda gare ni, in an amsa in koma."

Direkta dattijo ne ɗan ƙasar Mayahi. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Yi tambayarki."

Na ce, "A tambayar mini mushen Faransanci, kafin yarinyar nan ta kife littafi, mi ya ce mata?"

Sirbeyan ya juya mishi da Faransanci. Mushe bai ɓoye ba, ya faɗi yadda aka yi, har yana bayani da hannu. Tun kafin a juya mini na ga direkta ya cire tabarau ya aje. Sirbeyan ma ya sa ido ƙasa. Su sun gane. Mushe ne bai gane ba. Ya ce, ta bakin sirbeyan, fari ba laifin kowa ba ne, ina abin kunya a nan? Shi so yake yara su san littafi yana maganar rayuwarsu. In kowa ya ƙi amsa tambayar da ba ta yi mishi daɗi ba, ina karatu?

Direkta ya ce, "Maganarshi tana da hanya. Kina da abin cewa?"

Nan ne na tsaya. Hanya mafi sauƙi ita ce in ce musu ku dube ta, gidansu ba komi. Da na faɗi haka da na ƙarasa mata abin da take gudu, gaban idonta. Na dube ta, ta kafe ni da ido, na san abin da take roƙo.

Na ce, "Gidan su Barira ban san shi ba, ban taɓa taka garinsu ba. Nawa zan ba ku."

Sai na ba su. A fari na farko muna ƙauye wajen Baudeta. Shekara goma sha biyu da aure ban taɓa leƙa rumbun maigidana ba. Shi ke hawa da asuba ya fiddo abin da za a sussuka, ya aje mini bakin ɗaki. Wata safiya na fito na tarar da zangarnu dogaye, cikakku, zaɓaɓɓu, ɗaure da igiyar kaba. Ni na taya shi zaɓen su da kaka, na san iri ne. Ya wuce masallaci bai dube ni ba. Na sussuka, na daka, muka ci. Kwana tara ya kai mu. Bayan nan ba abin dakawa, amma kowace la'asar sai in zuba ƙaiƙayi a turmi in yi ta luguden banza, don maƙwabta su ji gidan Malam ana daka. Maƙwabciyata ma ina jin nata turmin ta bayan darni. Sai da aka daɗe na gane ƙarar turminta irin tawa ce, ba nauyin hatsi a ciki. Ba wadda ta taɓa tambayar wata. Shi kuwa har ya koma ga Allah, ni da shi ba mu taɓa ambaton zangarnun nan ba.

Na ce, "Yau na faɗa, gaban maza biyar, cikinku har da ɗan garin mijina." Sirbeyan nake nufi. "A faɗa ma mushe ya dube ni. Ni ga ni da shekaruna, mai rumbun ya mutu, shekara goma ta wuce, kuma ga gumi yana zubo mini. Ita ɗiya ce. Ko rumbunsu cike yake har baki, ba bakinta ne zai buɗe shi ba."

Sirbeyan ya juya ma mushe maganata, a hankali, bai tsallake komi ba. Mushe ya saurara har ƙarshe. Direkta ya ce in koma bakin aikina.

Hukunci ya fito korar kwana uku, don fita kilas ba izini laifi ne ko mi ya jawo shi. Takardar farko mushe da kanshi ya roƙa a ba shi, ya sake wata. Da yake ba ta da inda za ta je, direkta ya ce ta yi kwana ukun a madafa tana taya mu. Ni kuma ekonom ya yi mini wankin babban bargo, ya ce in na ƙara shiga inda ba a kira ni ba sai dai in ji a salansa. Na ce to.

Ranar Litinin mushe ya zo bayan madafa, karo na farko. Hayaƙi ya cika mishi ido. Ya tsaya da littafin a hannu, ya haɗa 'yar Hausarshi ya ce, "Barira, ni ban sani ba. Yi hanƙuri." Ya miƙa mata ya ce ta riƙe shi kwana ukun ita kaɗai. Habsu ta ce, "Mushe, zauna ka ci tuwon dawar mutanen littafinka." Bai gane ba, ya yi godiya ya tafi.

A kwana ukun nan ta ƙare mamu shi. Maigida ya mutu bai ga damana ba, matar ce ta fidda ɗiyan daga yunwar. Da ta rufe na ce, "To, yanzu mi kika gani? Littafin kirki ne ko na banza?"

Ta ce, "Mai rubutun nan ya san yunwa, Inna. Amma mutanenshi surutu gare su. In sun ji ta sai su yi ta faɗi, shafi uku, har da kuka gaban baƙo."

"Ashe na banza ne."

"A'a. Ranar da na fara karanta wurin nan ni kaɗai, ji na yi kamar wani ya zauna kusa da ni. Sau huɗu na maimaita. Da an bar ni da shi haka, da ba littafin da zan so kamar shi."

Aikin rubutu da aka ba ajin a kan littafin, ita ma sai da ta yi. Ta roƙe ni ta sa zancen turmin a ciki. Na ce ta sa, kada dai ta sa suna. Ta ci birbe a shekarar, aka wuce da ita Maraɗi ƙarin karatu.

Nawa zancen kuwa bai tsaya a biro ba. Sirbeyan ya ba matarshi, matarshi ta kai shi ƙauye. Ƙanwar mijina ta aiko mini cewa na tone wanta yana cikin kabari. Shekara biyu ba ta amsa gaisuwata ba, ko sunan jikata ba ta zo ba. Ban ce ba ta da gaskiya ba. Na auna ne na ga mamaci ya fi mai rai iya ɗaukar abin.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake bar muku. Masu ilimi aikinsu tambaya, da ita suke ci, ba laifinsu ba ne. Mu namu aikin gani ne. Mai tsaye bakin tukunya tana sanin gidan kowane yaro daga yadda yake miƙo kwano, tun kafin direkta ya san sunanshi. Abin da kuka gani nan ba naku ba ne. In yaro ya zo, ku cika mishi, ku kira na bayanshi. In kuma rana ta zo da dole sai an buɗe rumbun wani kafin yaro ya tsira, ku buɗe naku.